Sinadaran da ke gina jijiyoyin jini a shimfiɗar mahaifa, da abin da ke biyo baya idan ma'auninsu ya karkace

A jikin baligi mai lafiya, jijiyoyin jini ba kasafai suke yin sabon tsiro ba. Ƙwayoyin halittar da suka lulluɓe cikin kowace jijiya suna iya shafe watanni masu yawa, wasu ma shekaru, ba su hayayyafa ba, sai fa in an ji rauni jiki ya tashi gyara, ko kuma wani ƙari ya fito yana neman abinci. Jikin mace mai haila ya fita daga wannan ƙa'ida, domin a gidan ƙwanta, da shimfiɗar da ke cikin mahaifarta, da kuma mabiyiya idan ciki ya shiga, ana gina sababbin jijiyoyi a kai a kai, ana rushewa, ana sake ginawa. Shimfiɗar mahaifa takan tashi daga kaurin milimita 2 zuwa 4 bayan ɗaukewar jini, ta kai milimita 10 ko fiye cikin mako biyu, kuma nama ba ya yin irin wannan girma sai da hanyoyin jinin da za su ciyar da shi. Macen da ba ta yi haihuwa da yawa ba tana iya maimaita wannan gini da rushewa kusan sau 400 a rayuwarta, kuma kowane karo wurin yakan warke sumul, babu tabo.

Wa ke ba jijiya umarnin ta tsiro, wa kuma ke ce mata ta dakata haka nan? Amsar da aka saba bayarwa ita ce sinadaran da gidan ƙwai ke fitarwa, wato istirojin da furojestaron, kuma gaskiya ce, sai dai ba ta kai ƙarshen zance ba. Waɗannan biyun daga nesa suke aiko da saƙo ta cikin jini. Masu isar da umarnin ga jijiyar kanta wasu ƙananan furotin ne da ake ƙerawa a cikin shimfiɗar, ana ce musu sinadaran haɓakawa, kuma yawanci tasirinsu bai wuce maƙwabtan ƙwayar da ta fitar da su ba. Na ɗauko wannan batu ne saboda koke-koke da dama da matan Kaduna ke kaiwa asibiti da sunaye daban-daban, daga jinin al'ada mai ambaliya, zuwa ɗigon jinin da ke biyo bayan sa ashanar tazarar haihuwa, har zuwa jijjigar masu ciki, duk suna da jiɓi da wannan 'yar tawagar sinadarai da yadda ma'auninta ke daidaita ko karkacewa.

Shimfiɗar mahaifa hawa biyu ce. Hawan ƙasa yana manne da tsokar mahaifa, ba ya zubewa, kuma daga gare shi ake samun irin da za a sake gini. Hawan sama shi ne ke kumbura kowane wata, ya kuma zube idan ciki bai shiga ba. Babbar jijiyar mahaifa takan rarrabu a cikin tsoka, rassanta su nufi ciki, sannan a bakin shimfiɗar su kasu biyu: gajeru miƙaƙƙu da ke ciyar da hawan ƙasa, waɗanda hawa da saukar sinadaran wata bai cika damun su ba, da wasu dogaye murɗaɗɗu da ke ratsawa zuwa hawan sama. Murɗaɗɗun nan su ne ke riƙe da linzamin haila.

An ga aikinsu da ido tun 1940. Wani masani a Amurka, J. E. Markee, ya dasa 'yan gutsattsarin shimfiɗar mahaifa a gaban ƙwayar idon birai mata, inda za a iya leƙa su kullum da madubin ƙara girma. Gutsattsarin suka kama, suka ci gaba da bin zagayen watan birin, har suna yin haila a cikin idon. Ya lura cewa kafin jini ya ɓalle shimfiɗar takan motse, murɗaɗɗun jijiyoyin su ƙara nannaɗewa, sannan su tsuke tam na tsawon sa'o'i 4 zuwa 24 har naman ya yi fari, daga baya su saki. Kayan aikin zamaninsa sun nuna masa abin da ke faruwa, amma sai bayan kusan shekara hamsin aka fara sanin sunayen masu bayar da umarnin.

Sanin ya shigo ne ta ƙofar binciken ciwon daji. A 1971 wani likitan tiyata a Boston, Judah Folkman, ya kawo ra'ayin cewa ƙari ba ya wuce milimita 1 zuwa 2 sai ya jawo wa kansa sababbin jijiyoyi, don haka dole akwai wani sinadari da yake fitarwa yana kiran su. An daɗe ana yi wa ra'ayin kallon hadarin kaji. A 1983 Harold Dvorak da abokan aikinsa suka gano wani furotin da ƙari ke fitarwa mai sa jijiyoyi yoyo. A 1989 Napoleone Ferrara, a kamfanin Genentech da ke Kalifoniya, ya tace wani furotin mai sa ƙwayoyin cikin jijiya hayayyafa, ya raɗa masa suna VEGF, ba a jima ba kuma aka tabbatar cewa shi ne dai wanda su Dvorak suka gani. Ke nan sinadari guda yana da hali biyu, yana tsirar da jijiya, yana kuma sa ta yoyo, kuma duk abin da zai biyo baya a wannan bayani ya rataya ne a kan halin nan biyu. A 1996 ƙungiyar Ferrara da ta Peter Carmeliet a Beljiyam suka nuna, kowace a nata ɓangaren, cewa idan aka cire ɗaya tak daga cikin ƙwayoyin gado biyu na VEGF a ɓera, tayin yakan mutu tun yana ciki saboda jijiyoyinsa sun kasa haɗuwa. Da wuya a sami wani furotin da jiki ke auna adadinsa da irin wannan tsanani.

VEGF dangi ne guda. Babbansu VEGF-A, sai VEGF-C da VEGF-D da suka fi shafar hanyoyin ruwan jiki, sai PlGF wanda aka fara samu a mabiyiya a 1991. Kowanne sai ya sami makarɓinsa a jikin ƙwayar jijiya kafin ya yi aiki. Makarɓi na biyu, VEGFR-2, shi ne ke isar da yawancin saƙon hayayyafa da yoyo. Na farko kuwa, VEGFR-1, ya fi riƙe VEGF da ƙarfi amma saƙon da yake turawa ciki kaɗan ne, saboda haka aikinsa ya fi karkata ga rage kaifin sinadarin. Akwai wani guntun nau'insa da ba ya manne da ƙwaya, yawo yake yi a cikin jini yana cafke VEGF da PlGF kafin su isa inda aka aike su. Sunansa sFlt-1, kuma za mu sake haɗuwa da shi idan mun zo kan masu ciki.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a lambunan rani na bakin kogin Kaduna ya ga yadda sabuwar hanyar ruwa take. Manomi ya ja ta da fartanya, ruwa ya bi, amma gefenta ƙasa ce mai taushi, tana tsiyaya tana zabtarewa, sai ya dawo ya daddanne gefen da ƙafa da bayan fartanya kafin ta zama abin dogaro. VEGF mai jan hanya ne kawai, daddanne gefe aikin wasu ne. Sabuwar jijiya takan fitar da wani sinadarin haɓakawa mai suna PDGF-B, wanda ke kiran wasu ƙwayoyin tallafi su zo su rungume ta daga waje, sannan wani sinadarin mai suna TGF-beta ya taimaka wa wasunsu su zama tsoka mai iya tsukewa. Ƙwayoyin tallafin su kuma su fitar da anjiyopoyetin na ɗaya, wanda ke sauka a kan makarɓin Tie2 ya sa ƙwayoyin bangon jijiyar su manne da juna, yoyo ya tsaya. Yana da kishiya, anjiyopoyetin na biyu, mai sauka a kan makarɓi ɗaya da shi ya kwance wannan ɗauri. An bayyana na farkon a 1996, na biyun a 1997, kuma abin lura shi ne tun a wancan rahoto an ga cewa a jikin baligi na biyun ya fi yawa ne a gidan ƙwai da mahaifa da mabiyiya. Idan ya kwance jijiya alhali VEGF yana nan, sai jijiyar ta tsiro. Idan ya kwance ta babu VEGF, sai ta shanye ta mutu. Akwai kuma FGF-2, wanda ake ajiyewa a tsakankanin ƙwayoyin nama, ya fito idan wurin ya rushe, ya ƙara wa VEGF ƙarfi.

A makonni biyun farko na zagayen wata, istirojin ne ke mulki, kuma yana sa ƙwayoyin shimfiɗar su ƙera VEGF cikin 'yan sa'o'i. Sai dai masu bincike a Melbon ta Ostareliya, Peter Rogers da Caroline Gargett, sun auna jimillar VEGF a shimfiɗar mata a ranaku daban-daban, suka tarar ba ta tafiya daidai da saurin tsiron jijiyoyi. Wani ɓangare na bayanin shi ne mai yawa daga cikin VEGF ɗin da ake aunawa ana zuba shi ne zuwa cikin kogon mahaifa, ba ya ma isa ga jijiya. Abin da ya yi daidai da tsiron shi ne wasu fararen ƙwayoyin jini ɗauke da VEGF da ke maƙalewa a bangon ƙananan jijiyoyi. Sun kuma nuna cewa a wannan mataki jijiyoyin sun fi yin tsawo ne suna bin shimfiɗar yayin da take kauri, fiye da fitar da sababbin rassa. A ganina wannan sakamako ya isa ya sa a yi hattara da duk wanda ya zo yana cewa wani magani ko wani haɗi yana ƙara sinadarin haɓaka mahaifa, domin wurin da sinadarin ya sauka da lokacin da ya sauka sun fi yawansa tasiri.

Bayan fitar ƙwai sai furojestaron ya karɓi ragama, aiki ya koma na ƙarfafawa. Murɗaɗɗun jijiyoyi su ƙara tsawo fiye da kaurin shimfiɗar, abin da ke sa su nannaɗewa, kuma su sami rufin tsoka. Wasu ƙwayoyin garkuwar jiki na musamman da mahaifa ke tarawa a wannan lokaci su yi dandazo a gefen jijiyoyin suna fitar da VEGF-C da PlGF da anjiyopoyetin na biyu, suna shirya wurin ko da baƙo zai zo.

Idan ciki bai shiga ba, gurbin da ƙwai ya fita a gidan ƙwai yakan shanye bayan kimanin kwana 14, furojestaron ya faɗi, kuma faɗuwar nan ita ce ke kunna haila. Sinadarai masu narkar da nama su farka, jijiyoyi su tsuke kamar yadda Markee ya gani, iskar oksijin ta yi ƙaranci a saman shimfiɗar. An daɗe ana ɗaukar wannan ƙaranci a matsayin ɓarna kawai. Amma kowace ƙwayar halitta tana da wani furotin mai suna HIF, wanda ake ƙerawa ana lalatawa nan take muddin akwai isasshiyar oksijin, idan kuwa ta yi ƙaranci sai ya taru ya kunna ƙwayoyin gado da dama, VEGF na kan gaba. Gano wannan tsari ne ya jawo wa Gregg Semenza da Peter Ratcliffe da William Kaelin kyautar Nobel a 2019. A 2018 Jacqueline Maybin da Hilary Critchley na Jami'ar Edinbura suka bayar da rahoton cewa mata masu zubar da jini da yawa suna da ƙarancin HIF a shimfiɗarsu lokacin haila, kuma da suka hana mahaifar ɓeraye shiga ƙarancin oksijin sai warkewa ta yi jinkiri. Tun a 2008 ma an nuna a birai da ɓeraye cewa toshe VEGF bayan haila yana hana jijiyoyi tsirowa, yana kuma hana fatar saman shimfiɗar rufewa. Ashe tsukewar da ke kawo zubar ita ce kuma ke tayar da masu gyara, shi ya sa gyara yake farawa a wani lungu tun wani lungun yana zuba.

Daga nan ake fahimtar jinin al'ada mai yawa. Matsakaicin abin da mace ke zubarwa a wata bai wuce mililita 30 zuwa 40 ba, kuma tun binciken da aka yi a Suwidin a 1966 ake ɗaukar sama da mililita 80 a matsayin wuce kima, ko da yake yanzu likitoci sun fi duba yadda jinin ke hana mace harkokinta. A matan da ke fama da wannan ba tare da ƙari a mahaifa ba, an samu rufin tsokar murɗaɗɗun jijiyoyinsu bai cika ba, an samu giɓi a bangon ƙananan jijiyoyi, an kuma samu anjiyopoyetin na ɗaya ya yi ƙasa. Jijiyar da ba ta nuna ba ba ta iya tsukewa yadda ya kamata, kuma lissafin gudun ruwa a bututu ba ya sassauci: idan faɗin jijiya ya ninka biyu, abin da ke bi ta cikinta yakan ninka sau 16. Ƙaramin sakaci wajen tsukewa ya isa ya sa mace ta riƙa canza audugar mata kowace sa'a tana fitar da gudajin jini. A Najeriya, inda binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 58 cikin ɗari na mata 'yan shekara 15 zuwa 49 suna da ƙarancin jini, bai kamata a ci gaba da ce wa irin wannan mace haka jikinta yake ba. Akwai ƙwayar taraneksamik asid da ke hana gudan jinin da ya toshe bakin jijiya saurin narkewa, akwai mefenamik asid, akwai kuma robar mahaifa mai ɗauke da sinadari wadda ke sirantar da shimfiɗar ta rage jinin ƙwarai, duk bayan likita ya duba dalili.

A ɗakunan tazarar haihuwa na asibitocin unguwa, ko a Tudun Wada ne ko Rigasa ko Kawo, akwai wani zance da ke maimaituwa. Mace ta zauna, ta ɗage gefen hijabi ta miƙa damtsenta inda ake jin ashanar a ƙarƙashin fata, ta ce: Sista, don Allah a cire mini abin nan, yau ɗigo gobe ɗigo, na rasa ranar da zan yi wanka in yi salla. Damuwarta ta gaske ce, kuma ta wuce batun ɓata zane, domin ta shafi ibadarta da zamanta da maigida. A mazhabar Malikiyya haila ba ta wuce kwana 15, wadda ta saba da kwanakinta takan ƙara uku a kai muddin jimillar ba ta haura haka ba, abin da ya ƙaru kuma istihala ne, kuma malamai suna da bayani kan jinin da ke yankewa yana dawowa. Ta fuskar jiki kuwa, ashana da allurar wata uku suna sakin dangin furojestaron ne babu yankewa, don haka shimfiɗar takan sirance, jinin da ke isa gare ta ya ragu, ƙarancin oksijin ya zama na dindindin maimakon na kwana ɗaya ko biyu. VEGF da anjiyopoyetin na biyu su yi ta aiki, na ɗaya ya yi ƙasa, sai a sami jijiyoyi masu faɗi da siririn bango a saman shimfiɗar, babu isassun ƙwayoyin tallafi, suna fashewa nan da can. Wannan ɗigo shi ne babban dalilin da ke sa mata barin waɗannan hanyoyi a ko'ina a duniya. Yawanci ba alamar cuta ba ne, ana kuma iya lafar da shi da magani na 'yan kwanaki bayan an tabbatar babu wani ciwo a bakin mahaifa. Haƙƙin mace ne a gaya mata wannan dalla-dalla tun kafin a sa mata, haƙƙinta ne kuma a cire idan ta ce a cire.

Ƙarin mahaifa, wanda wani bincike a Amurka a 2003 ya samu a jikin sama da kashi 80 cikin ɗari na baƙaƙen mata kafin su kai shekara 50, yana fitar da FGF-2 da TGF-beta masu dagula jijiyoyin shimfiɗar da ke kusa da shi. Haka nan idan nama irin na shimfiɗar ya tsiro a wajen mahaifa, ciwon da ke addabar kusan mace ɗaya cikin goma da matsanancin ciwon mara, ba ya iya zama sai ya jawo jijiyoyi, kuma an samu VEGF da yawa a ruwan cikin masu shi.

Akwai kuma akasin haka, wato shimfiɗar da ta kasa tsirowa. Idan aka yi wankin ciki da ƙarfen kankara bayan ɓari ko haihuwa, musamman in an maimaita, ana iya kankare hawan ƙasa tare da gajerun jijiyoyinsa, bangon mahaifa ya manne da juna, haila ta ragu ko ta ɗauke, ciki ya gagara. Wannan ne ciwon da ake kira da sunan likita Joseph Asherman, kuma tarin fuka idan ya kama mahaifa yana yin irin wannan ɓarna. Saboda haka ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa amfani da sirinjin zuƙo ko magani maimakon kankara. Dabarar zuba ruwan jinin mace mai ɗauke da sinadaran haɓakawa cikin mahaifarta ta fara yaɗuwa a cibiyoyin neman haihuwa, amma gwaje-gwajen da aka yi a kanta ƙanana ne, kuma ya dace ma'aurata su tambayi hujja kafin su zuba kuɗi.

Idan ciki ya shiga, murɗaɗɗun jijiyoyin da aka wahala wajen yi musu rufin tsoka sai an warware su. Ƙwayoyin gaba na mabiyiya su kutsa cikin shimfiɗar har zuwa cikin tsokar mahaifa, tare da taimakon ƙwayoyin garkuwar nan na uwa, su cire tsokar jijiyoyin, bakinsu ya buɗe ya ninka sau biyar ko fiye, su daina amsa umarnin tsukewa. A makonni goman farko ƙwayoyin mabiyiyar sukan toshe bakin jijiyoyin, tayi ya girma cikin ƙarancin oksijin, sannan su buɗe a hankali. Zuwa ƙarshen ciki, jinin da ke zuwa mahaifa yakan tashi daga kimanin mililita 50 a minti zuwa 500 ko fiye. Tun 1972 Ivo Brosens da abokansa suka nuna cewa a masu hawan jinin ciki wannan buɗewa ba ta kai zurfin da ya kamata ba. Abin da ya rage shi ne yadda matsalar da ke cikin mahaifa take kai wa ga ƙoda da hanta da ƙwaƙwalwa.

Amsar ta fito a 2003 daga ɗakin binciken Ananth Karumanchi a Boston. Mabiyiyar da ke cikin ƙunci takan kwararo sFlt-1 cikin jinin uwa, ya bi ko'ina yana cafke VEGF da PlGF. Jijiyoyin baligi, ko da ba sa tsiro, suna buƙatar ɗan VEGF kullum don su saki jiki, matatar ƙoda kuma ta fi kowa buƙata. Da zarar an janye shi sai jijiyoyi su tsuke, jini ya hau, matatar ƙoda ta kumbura ta fara zubar da furotin cikin fitsari. A 2004 aka nuna cewa sFlt-1 yana fara hawa kimanin mako biyar kafin alamu su bayyana. Wata shaida mai ƙarfi ta zo daga masu ciwon daji da ake ba maganin toshe VEGF mai suna Avastin, wanda Amurka ta amince da shi a 2004: da yawansu, maza da mata, sukan sami hawan jini da furotin a fitsari. A Tanzaniya kuma an samu alaƙa tsakanin zazzabin cizon sauro da ya maƙale a mabiyiya da hawan sFlt-1 a masu cikin fari, wanda ƙarin dalili ne na shan maganin rigakafin da ake bayarwa wurin awo da kwana cikin gidan sauro.

A layin awo abin yakan bayyana ne a sauƙaƙe. Yarinya mai cikin fari, wata bakwai, fuska ta yi fam, zobe ya ƙi fita daga yatsa. Ungozoma ta danna babban yatsa a ƙwaurinta, ramin ya zauna bai ciko ba, ta ɗaura mata abin awon jini ya nuna 160 bisa 110, ta tsoma tsinken gwaji a fitsarinta ya juya daga rawaya zuwa kore. Kumburin ƙafa kaɗai abu ne da yawancin masu ciki ke yi, amma awon da ya kai 140 bisa 90 bayan mako 20, tare da furotin a fitsari, ko ciwon kai mai naci, ko gani dishi-dishi, ko ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, gargaɗi ne cewa jijjiga na iya zuwa. Idan ta zo, sau da yawa a gida akan fara zaton iska ce, a tsaya hayaƙi da tofi, alhali addu'a ba ta hana a ɗauke ta zuwa asibiti nan take. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna mata kusan 75,000 ne suka rasu ta dalilin ciki da haihuwa a Najeriya a 2023, sama da kashi ɗaya cikin huɗu na duniya baki ɗaya, kuma hawan jinin ciki yana cikin manyan dalilai. Wani gwaji mai suna Magpie na 2002 ya nuna allurar maganiziyam salfet tana rage aukuwar jijjiga da fiye da rabi, wani gwaji na 2017 kuma ya nuna ƙaramin asfirin da likita ya fara bayarwa da wuri ga masu haɗari yana rage nau'in hawan jinin cikin da ke zuwa kafin cikar wata da kashi 62 cikin ɗari. Manyan asibitoci irin na Barau Dikko da na Shika su ne inda ake tura wadda abin ya yi wa tsanani.

Za a iya tambaya, tun da an san sinadaran, me ya hana a yi maganin da zai daidaita su kai tsaye? Haɗarin ne babba. Maganin talidomaid, wanda ya sa aka haifi jarirai sama da 10,000 da nakasar gaɓoɓi tsakanin 1957 da farkon shekarun 1960, an gano a 1994 a ɗakin binciken Folkman cewa yana hana jijiyoyi tsirowa. Inda ilimin ya fi amfani zuwa yanzu shi ne gwaji. Wani babban bincike na 2016 ya nuna cewa idan aka raba adadin sFlt-1 da na PlGF a jinin mai cikin da ake zargin hawan jinin ciki zai kama ta, sakamakon bai wuce 38 ba, to sama da kashi 99 cikin ɗari ba za su kamu ba a makon da ke tafe, abin da ke ba likita damar tantance wadda za a kwantar da wadda za ta koma gida.

Fitar mabiyiya yana sa sFlt-1 ya sauka cikin 'yan kwanaki, shi ya sa haihuwa ce maganin ƙarshe, amma jijjiga tana iya zuwa bayan an sauka lafiya, kuma zuciya ma ba ta tsira ba. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka bayar da rahoton yawan ciwon raunin zuciya na masu jego, suka danganta shi da kunun kanwa da wankan ruwan zafi da kwanciya a gadon wuta. A 2012 wani bincike a Boston ya nuna cewa yawan sFlt-1 a ƙarshen ciki yana iya raunana ƙananan jijiyoyin zuciya ya haifar da wannan ciwo, kuma an san masu hawan jinin ciki sun fi kamuwa da shi. Don haka mai jegon da jininta ya hau lokacin ciki tana buƙatar a sake auna ta a makon farko, ba sai an jira arba'in ba, idan kuwa ta fara haki, ko tari da dare, ko kasa kwanciya sai an tara mata matasan kai, asibiti ya kamata a nufa da ita a ranar.